Kalma Ɗari Huɗu da Hamsin

Saura kwana tara.
Da gawayi na rubuta a jikin rumbu,
kullum da asuba in goge, in rage ɗaya.

Bara lissafi ya sake ni, kimiyya ta sake ni,
Turanci ne ya cafki wuyan rigata
ya ce: dawo.
Baba ya kai bunsuru da buhun riɗi kasuwar Aujara,
aka sake biyan kuɗin Wayek.
Bai ce uffan ba.
Da ma faɗa ya yi mini, da na fi samun barci.

Littafin tsofaffin tambayoyin na Nafi'u ne,
shi ma gadonsa ya yi wurin yayansa.
Bango ya tafi, gara ta cinye shekara biyu daga tsakiya,
wani ya zagaye amsoshi da jan biro,
rabinsu kuma ba daidai ba.

Daren bazara, ɗaki ba ya shiguwa.
Ina tsakar gida bisa tabarma,
fitilar waya na shan cajin da na biya a shagon Ɗayyabu,
ƙwari na faɗowa kan shafi
kamar su ma an yi musu rajista.

Malam Tasi'u ya ce in riƙe takarda gaban leɓe:
in ta yi tsalle, pi ce,
in ta ɗan karkata kawai, fi ce.
Ina ta fama, Laure ta tuntsire da dariya,
wai Yaya na hura wuta babu murhu.

Wane irin harshe ne wannan,
a rubuta harafi, a hana shi magana?
Wuƙarsu da ka take farawa,
amma ka ɗin na tsaye shiru
kamar agola a wurin rabon gado.

Sai tambaya ta biyu:
rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarku wasiƙa
kan abin da ke damun garinku.
Kada ta gaza kalma ɗari huɗu da hamsin.

Burtsatsenmu wata bakwai ke nan da mutuwa.
Da da Hausa ne, sai biro ya roƙe ni hutu.
Da Turanci kuwa na rubuta, na tatsa, na ƙirga:
ɗari biyu da sha ɗaya.
Na sake ƙirgawa ko ta haihu.
Ba ta haihu ba.

Inna na gefe tana ɓarar gyaɗar iri.
Ta ce, me kake ƙirgawa kamar mai canji?
Na fassara mata.
Ta ce, shi ke nan abin da ka faɗa masa?
Sa masa kuɗin jarka, na da da na yanzu.
Sa masa gwiwar Iya Hansai da hanyar rijiya.
Sa yaran da ke isa aji bayan an gama kiran suna,
wuyansu duk shatin gammo.
Sa mutanen nan masu farar mota
da suka zo, suka ɗauki hoto, suka sha furarmu.

Tana faɗa, ina tonon ƙamus.
Gammo dai ban samu ba,
sai na zagaya shi da kalma shida,
riba ta.

Ɗari huɗu da sittin da uku.

Ta kaɗe ɓawo daga zaninta,
ta ce, yaushe za a kai masa?
Na ce, Inna, ba a kaiwa. Gwaji ne kawai.
Ta daɗe tana kallon takardar
da ba ta iya karantawa.
Ta ce, to ninke ta, sa mini a ƙarƙashin kwalla.

Can gabas walƙiya ta ɗan buɗe ido.
Baba ya fito, ya tsaya yana shinshina iska.
In ta sauka yau, gobe shuka,
ni ne mai saran rami,
littafin Nafi'u a aljihu cikin leda.

Waya ta yi ƙara, saura kaso uku.
Ban taɓa fahimtar karatu ba tukuna.